Waiwaye Adon Tafiya: Mun Bi Sawun Zanen Kano Na 1851

  

A wannan mako za mu yi magana ne a kan wani tsohon zane na birnin Kano, da tafiyar aikin da muka yi don ɗaukar hoto da bidiyon wuraren da ke cikinsa, da kuma abin da tafiyar ta tuna mana game da garuruwanmu na nan gida, wato Fagada da Jega da Aliero da Maiyama. Gari yakan sauya kama a gaban idon mutanensa ba su lura ba. Ba a gane yawan sauyin sai in an sami wanda ya taɓa tsayawa a wuri guda ya ajiye shaida, ya kuma rubuta rana a jikinta.

Wane ne ya yi zanen?

A farkon watan Fabrairun 1851 wani Bajamushe mai suna Heinrich Barth ya shiga Kano, zamanin Sarki Usman. Gwamnatin Ingila ce ta turo shi tare da abokan tafiyarsa. Sun taso daga Tarabulus a 1850, suka keta hamadar Sahara, shi kuma ya biyo ta Agadas da Katsina. Ya iya Larabci, ya koyi Hausa a hanya, kuma sunan da aka san shi da shi a ƙasashen nan shi ne Abdulkarim. A Kano ya cika shekara 30 da haihuwa.

A lokacin an riga an ƙirƙiro na'urar ɗaukar hoto, domin tun 1839 aka bayyana ta a Faransa. To amma a wancan zamani akwati ce mai nauyi, mai bukatar sinadarai da lallaɓawa, ba abin da za a ɗora wa raƙumi a yi shekara biyar ana yawo da shi ba. Don haka makamin Barth fensir ne da littafin rubutu. Ranar 10 ga Fabrairu, 1851, ya hau Dutsen Dala, ya fuskanci gari, ya zana abin da idonsa ya gani.

Da ya koma Turai a 1855, sai aka miƙa zane-zanensa ga wani gwanin zane na Jamus mai suna Johann Martin Bernatz. Shi ne ya gyara su, ya sa musu launi, aka buga su a cikin littafin tafiyar Barth mai juzu'i 5, wanda ya fito da Jamusanci da Turanci a 1857 da 1858. A ciki akwai Agadas da doguwar hasumiyarta, akwai shigar Barth Tambutu, akwai kuma Kano daga kan Dala. Littafin ya tsufa har ya zama na kowa, ana samunsa kyauta a intanet. Daga can muka sauke zanen, muka buga shi a babbar takarda.

Abin da ke cikinsa shi ne gidajen ƙasa da bukkoki a warwatse, da itatuwa masu yawa, da dabino da suka yi sama, da filaye a tsakanin unguwanni. Barth ya ƙiyasta mazauna Kano a lokacin sun kai 30,000, sukan kuma ninka zuwa 60,000 idan fatake suka cika gari da rani. Ya kuma nuna cewa wani yanki ne kawai na cikin ganuwa ke da gidaje, sauran duk gonaki ne da makiyaya.

Yadda muka tsara aikin

Mu biyar muka yi tafiyar, duk ɗaliban jami'a masu sha'awar ɗaukar hoto. Mun zaɓi watan Fabrairu da gangan, don mu sami irin hasken da irin hazon da mai zanen ya samu. Mun tashi daga Jega da sassafe, muka bi ta Aliero da Tambuwal zuwa Sakkwato, muka kwana. Washegari muka bi ta Gusau da Funtuwa har Kano. Da rana tsaka muka yi duk tafiyar, bisa shawarar iyaye, saboda halin da hanya take ciki.

Kayan aikinmu ba su da yawa: kyamara ɗaya ta aro, da wayoyinmu, da sandar ɗora kyamara mai ƙafa uku, da batirin cajin waya, da takardar zanen, da littafin rubutu. Muka raba aiki. Mutum ɗaya na hoto, ɗaya na bidiyo, ɗaya na naɗar sauti, ɗaya na riƙe da zanen yana kwatantawa, ɗaya kuma na rubuta lokaci da wuri da ɓangaren da aka fuskanta a kowane hoto. Wannan na ƙarshen shi ne aikin da kowa ya so ya guje wa, amma shi ne ƙashin bayan tafiyar. Hoton da ba a san ranarsa da wurinsa ba ado ne kawai, ba ya zama hujja.

A kan Dala

Da hantsi muka hau, ta matakalar siminti da aka yi wa dutsen. Ƙa'idar irin wannan aiki ita ce a nemi abin da bai motsa ba tun zamanin mai zane, a daidaita kyamara da shi. A kan Dala abu uku muka samu: dutsen da muke tsaye a kai, da Gwauron Dutse da ke can ta yamma wanda ya taimake mu gane gabas da yamma, da kuma layin da sama ta haɗu da ƙasa. Muka fuskanci kudu, inda tsohon gari yake, muka yi ta matsawa dama da hagu har layin da ke cikin kyamara ya yi daidai da na takarda.

Abin da ya cika kyamarar kuwa rufin kwano ne iya ganin ido, wani sabo yana ƙyalli, wani ya yi tsatsa. Ga tankunan ruwa a kan benaye, ga dogayen ƙarafan kamfanonin waya. Can nesa ga hasumiyoyi biyu da koriyar ƙubbar babban Masallacin Juma'a, wanda aka gina a farkon shekarun 1950, wato kimanin shekara 100 bayan zanen. Filayen da ke cikin takarda kuwa babu ko ɗaya. Gidaje sun zo har gindin dutsen, sun kewaye shi.

Darasi na farko ke nan: abin da ya ɓace. A littafinsa Barth ya ambaci kududdufai masu cike da kainuwa, da itatuwan gwanda da dabino da rimi a cikin gari. Waɗannan kududdufai ba kwatsam suka samu ba. Daga nan ake haƙar ƙasar da ake yin tubali a gina gidaje, ramin da ya rage kuma ya zama matattarar ruwan sama. Yau an cike da yawa daga cikinsu an yi gini a kai, Jakara kuma ta zama magudanar siminti. Ruwan sama dai bai daina sauka ba, kuma dole ya nemi wurin zuwa. Duk wanda ke son fahimtar dalilin da ruwa ke shiga gidaje da damina a manyan garuruwanmu, tsohon zane irin wannan zai ba shi rabin amsa.

Darasi na biyu: zane ba kyamara ba ne. Bernatz ya taɓa zuwa Habasha, amma bai taka ƙasar Hausa ba. Abin da Barth ya zana a gurguje, yana fama da zazzaɓi, shi Bernatz ya ƙawata a ɗakin aikinsa a Jamus. Ke nan hannu biyu zanen ya bi kafin ya zo mana, ɗaya ya ga wurin, ɗaya bai gani ba. Mai zane yana da ikon ya ƙara wa itace tsawo, ya matso da abin da ke nesa, ya share abin da bai yi masa kyau ba. Wannan bai sa zanen ya zama ƙarya ba. Shaida ce ta mutum, kuma ana auna ta da sauran shaidu, kamar rubutun Barth ɗin kansa, da Tarihin Kano, da abin da dattawa suka ji daga kakanninsu.

Kada kuma ku ɗauka kyamara ba ta da nata son rai. Kyamarar waya tana buɗe ido da faɗi, sai ta mayar da abin da ke nesa ɗan mitsitsi. Masallacin da muke gani sarai da idonmu, a waya sai ya koma kamar ƙwayar gero. Sai da muka janyo hoton kusa sannan girman abubuwa ya yi kama da na zanen. Haka kuma mai ɗaukar hoto shi ke zaɓar inda zai juya. In ya ɗan karkata hagu bola ta shigo, in ya karkata dama ta fita. Shi ya sa muka ɗauki bidiyo muna juyawa a hankali har muka kewayo inda muka fara, don kada mu ɓoye wa mai kallo komai.

Darasi na uku: daga nesa komai lafiya lau yake. Wanda ya dubi zanen zai ga gari mai natsuwa. Amma Barth ya rubuta cewa ana sayar da bayi a kasuwar Kano ta wancan lokaci, ya kuma koka da ƙazantar wasu kududdufan da cutar da suke jawowa. Ba a ganin ko ɗaya daga kan dutse. Mu ma hotonmu bai nuna yaron da ke tallar ruwa a gindin Dala lokacin da sa'o'insa ke aji ba. Wanda ke son sanin gari sai ya sauko ya shiga lungu.

Cikin gari

Kwana biyu muka yi muna bin wuraren da Barth ya ambata. Mun shiga Kasuwar Kurmi, wadda aka kafa zamanin Sarki Muhammadu Rumfa, wanda ya yi mulki daga 1463 zuwa 1499. Lungunanta matsattsu ne, ba wurin kafa sandar kyamara, dole aka riƙe a hannu. Mun bi gefen ganuwa, wadda aka fara ginawa zamanin Sarki Gijimasu, sama da shekara 800 da suka wuce. A wasu wurare tana nan da tsayinta, a wasu ta zama tudun ƙasa, a wasu kuma sai an nuna maka inda take a da. Wasu ƙofofin an rushe su an sake gina su da siminti don faɗaɗa titi. Tun 2007 ganuwar take cikin jerin wuraren da Najeriya ta gabatar wa hukumar UNESCO don neman a sa su cikin kayan tarihin duniya, amma jeri a takarda ba ya hana ruwan sama da masu gini cin ƙasa. A Gidan Makama, wanda yanzu gidan adana kayan tarihi ne, mun ga tsofaffin hotunan birnin, muka kwatanta su da namu.

Inda zane da yau suka fi kusa da juna shi ne marinar Ƙofar Mata. Barth ya ce rini da saƙa su ne arzikin Kano, har ya ƙiyasta cewa kayan raƙumi 300 na tufafin Kano ake kaiwa Tambutu duk shekara. Har yau ana rini a wannan wuri da baba da toka, a rijiyoyin da aka gada. Kafin mu ciro kyamara sai da muka gaida wani dattijo da ke bakin aikinsa.

"Baba, sannu da aiki. Ɗalibai ne mu daga Jihar Kebbi, muna neman izinin ɗaukar hoto."

"Yauwa, sannunku 'ya'yana. Ku dakata in tsamo wannan tukuna. In kun ɗauka yanzu ruwa kawai za ku samu."

Da ya tsamo ƙyallen sai muka ga ya fito kore-kore, yana shan iska yana rikiɗewa zuwa shuɗi a gaban idonmu. Iskar ce ke haɗuwa da sinadarin baba ta fito da launin, irin abin da kuke karantawa a darasin kimiyyar sinadarai. Da mun ɗauka ba sallama, da mun tafi ba mu ga wannan ba. A gefe kuma mabuga suna ta aiki, sautin bugunsu yana tashi bi da bi. Wannan sauti shi ne abin da fensirin Barth bai iya kamawa ba, mu kuwa ga shi a wayarmu.

Zanen da ya ta da gari

Wataƙila wani ya ce, to mene ne amfanin duk wannan wahala? Ga misali daga Turai. A shekarun 1770 wani mai zane ɗan Italiya, Bernardo Bellotto, ya zana titunan Warso, babban birnin ƙasar Polan, gida bayan gida, taga bayan taga. A 1944, lokacin Yaƙin Duniya na Biyu, sojojin Jamus suka ragargaza birnin, tsohon garin ya koma tarin ɓaraguzai. Da yaƙi ya ƙare, mutanen Warso suka ɗauko zane-zanen Bellotto sama da 20, suka haɗa da tsofaffin hotuna da taswirori, suka sake gina tsohon garinsu. A 1980 UNESCO ta sa shi cikin kayan tarihin duniya. Lokacin da Bellotto ke zane bai san yana ajiye wa jikokin jikokin wasu hanyar komawa gida ba.

Mu dawo gida

Barth ya zo har ƙasarmu. A watan Mayun 1853 ya sauka a Gwandu, zamanin Sarki Halilu ɗan Abdullahi Fodiyo. A can ya sami kwafin littafin Tarikh al-Sudan, mai ba da tarihin daular Songhai, ya zauna ya kwafi abin da ya iya. Daga nan ya wuce ta Birnin Kebbi ya nufi Kwara. Amma a cikin zane-zanen da Bernatz ya sa wa launi babu Fagada, babu Aliero, babu Maiyama. Matafiyi abin da ke kan hanyarsa yake zanawa, kuma manyan birane ne ke jan idonsa.

Garuruwanmu kuwa suna sauyawa da sauri kamar Kano. Ku tambayi iyayenku yadda Aliero take kafin a kafa jami'a a 2006. Ku tambaye su iyakar Jega lokacin da aka ƙirƙiro Jihar Kebbi a 1991. Za su ba ku labari da baki, amma kaɗan ne za su iya ciro hoto su nuna. Soron ƙasa mai azara yana faɗuwa, bulo da kwano suna maye gurbinsa. Rumbun ƙasa yana ƙaranci. Maginin da ya iya tubali da makuba yana tsufa, 'ya'yansa sun koma aikin siminti. Ambaliyar 2020 ta cinye gonakin shinkafa da gidaje da gadoji a sassa da dama na jiharmu, kuma abin da ruwa ya tafi da shi ba a ɗauke shi hoto ba ya tafi ke nan. Ba muna cewa a ƙi ci gaba ba ne. Wanda ɗakinsa ke yoyo yana da haƙƙin ya sa kwano. Muna cewa ne a ɗauki hoton soron kafin a rushe shi.

Ku duba wayar yayanku ko ta antinku. Hotunan biki ne da na Sallah da na fuska, ɗaruruwa. Da wuya ku sami hoton kasuwar garinku ranar da take ci, ko na mashigin gulbi, ko na kukar da ke bakin makabarta. Abin da ido ya saba gani kullum shi ake rainawa, kuma shi ne wanda jikoki za su fi nema.

Aikin da muka ba ku

Ga abin da muke so kowane ɗalibi ya gwada a hutu mai zuwa.

Na ɗaya, ku zaɓi wuri uku a garinku. Misali ƙofar fada ko ta mai unguwa, da bakin kasuwa, da bakin gulbi ko fadama. 'Yan Jega ga Gulbin Zamfara a kusa. 'Yan Aliero ga kasuwar albasa lokacin kaka. 'Yan Fagada da Maiyama ga gonaki da rumbuna da tsofaffin zaurukan gari.

Na biyu, ku tsaya kusa da abin da ba ya motsi, kamar dutse ko gada ko kusurwar masallaci, don wanda zai zo bayanku ya gane inda kuka tsaya. Ku ɗauka da hantsi ko da la'asar, rana tana bayanku.

Na uku, ku rubuta rana da wata da shekara da lokaci, da sunan wurin, da ɓangaren da kuka fuskanta. Ku rubuta a littafi, kada ku dogara da waya kaɗai.

Na huɗu, ku nemi izini. Ku gaida mai unguwa ku faɗa masa abin da kuke yi. Kada ku ɗauki kowa ba da saninsa ba, kada ku leƙa gidan mutane, kada kuma ku kusanci wuraren jami'an tsaro da kyamara. Ku tafi bibbiyu ko uku-uku, da sanin iyaye.

Na biyar, ku sami dattijo ko dattijuwa ku tambaye su abin da ke wurin a da. In sun yarda ku naɗi muryarsu. Hausawa sun ce da tsohuwar zuma ake magani.

Na shida, ku wanke ko da hoto ɗaya ne a takarda, ku rubuta bayanin a bayansa, ku ba malamin tarihi ko na labarin ƙasa ya ajiye a makaranta. Waya takan faɗa ruwa, takan ɓace, katin ajiyarta yakan lalace.

Na bakwai, baɗi war haka ku koma wurin, ku tsaya inda kuka tsaya, ku sake ɗauka. Idan aji ɗaya ya miƙa wa na bayansa wannan aiki, cikin shekara 10 makarantarku za ta mallaki abin da ko ofishin ƙaramar hukuma zai zo aro.

Wanda ba shi da waya kada ya ce an bar shi a baya. Fensir da takardar tsakiyar littafi sun isa. Ku zauna a inuwa, ku fara da layin da sama ta haɗu da ƙasa, sannan manyan gine-gine, sannan itatuwa, mutane a ƙarshe. Ba sai zanen ya yi kyau ba, gaskiyarsa ake bukata, da ranar da ke ƙasansa.

Duk wanda ya yi nasa, ya aiko mana ta hannun editan wannan shafi, tare da sunan makarantarsa da ajinsa. Za mu zaɓi waɗanda bayaninsu ya fi cika mu buga a nan. Sai mako mai zuwa idan Allah ya kai mu. A yi karatu da kyau, a gaida malamai.